Bugun Zuciyar Kawu Inuwa

A duk Saulawa ba wanda ya taɓa jin Kawu Inuwa ya ce ba shi da lafiya, domin a wurinsa babu ciwo a duniya, sai lalaci. Tun yana saurayi yake noman rake a fadamar da ya gada, da ita ya raini 'ya'yansa kaf. Maganinsa citta da kanumfari. Duk wanda ya tafi asibiti, in ji shi, wurin kwanciya ya je nema.

Bara da kaka ya yanke jiki ya faɗi a bakin gona. Da ya farfaɗo ya ce santsi ne. Santsi, a ƙasar da ta bushe ƙamas! Babban ɗansa Huzaifa ya ce noma ya ƙare, a bar masa gonar. Kawu ya ce sai dai a zo a ɗauki gawarsa a cikin raken.

Autarsa Mukarrama, mai karatun kwamfuta a Zariya, ita ta shiga tsakani. Ta haɗo wata 'yar na'ura mai ɗan haske da ake maƙalawa a yatsa. Ta ce duk sanda zuciya ta buga, jini kan cika yatsa, hasken ya canza, umarnin da ta rubuta wa kwamfuta kuma ya ƙirga canjin, ya fitar da bugun minti guda. Aka yi alkawari a gaban matarsa, Inna Lantana: in bugun ya haura ɗari yana zaune, ya ajiye fartanya.

"To, likitar gidanmu, ga yatsa. Allah Ya sa kada ki yi mini caji."

Kwamfuta ta nuna ɗari da casa'in.

Inna ta dafe ƙirji tana salati. Kawu ya leƙa ya ce, "Wannan ai injin markaɗe kika auna, ba mutum ba."

Ita ma Mukarrama ba ta yarda da lambar ba. Ta duba waya, ta duba umarninta, sai can ta dubi hannun. Ashe babban yatsansa na ta bin gaɓoɓin sauran yatsu. Kawu ba ya zama ba tasbihi, kuma kowace dannawa kwamfuta ta lissafa ta a bugun zuciya.

"Baba, don Allah a ɗan dakata da tasbihin, minti ɗaya tak."

"In bar ambaton Allah saboda akwatinki? In zuciyar ta tsaya a minti ɗin, ke za ki amsa mini tambayar kabari?"

Sai ta mayar da na'urar hannun hagu. Kawu har ya miƙe ƙafa, ya ce wa Huzaifa ya wasa masa adda, gobe da sassafe yana fadama. Lamba ta fito: ɗari da ashirin da shida. Aka sake. Ba ta sauka ba.

Kawu ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya ce, "Yaushe aka fara karɓar shaidar hagu a gidan nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Washegari Huzaifa ya goya shi a mashin zuwa asibitin Ikara, likita ya auna da nasa kayan, ya faɗi abin da akwatin ya faɗa, ya haɗa shi da ƙwayoyi.

Gona ta koma hannun Huzaifa. Yanzu kullum da hantsi ana shimfiɗa wa Kawu tabarma a gindin mangwaron bakin fadama. Daga nan yake sanar da duk mai wucewa cewa bai taɓa ganin kunyar gona karkatacciya irin ta ɗansa ba, kuma raken bana ko akuya ba za ta kalle shi ba.