Dokin da Ake Hawa ta Dama

Kafin rana ta fito Saje yana barga. Haka na san shi tun kansa yana baƙi, ga shi yanzu ya yi fari fat. Zai ɗaga ƙafar kowane doki ya duba kofato, ya zuba ruwa, ya jiƙa dusa, ya goge gadon baya har ya yi sheƙi. Sai dawaki sun ƙoshi yake komawa gida ya karya. "Matar sojan doki," in ji uwargidansa, "sai doki ya yi gyatsa take ganin mijinta."

Cikin 'yan sintiri ya yi aikinsa, masu shiga inda mota ba ta shiga. Yana da lambar yabo ta jarumta, amma ba za ka ji labarinta a bakinsa ba. Sai dai a bakin Kofur, mai ɗingishin nan da ke gadin ƙofar bariki.

"Muna tsallaka kogi aka buɗe mana wuta," in ji Kofur. "Dokina ya faɗi, harsashi ya karya min cinya. Kowa ya kai gaɓa, sai na ga Saje ya juyo da dokinsa Kili, ya dawo cikin ruwan. Na ce, Saje, ka tafi, kana da 'ya'ya! Ya ce, rufe min baki, ka fi buhun dusa nauyi."

A nan harsashi ya tafi da idon Kili na hagu. Saje ya sauka, ya zagaya ta dama ya ɗora Kofur a sirdi, ya kama ragama yana ja, ruwa iya ƙirji, ana ta harbi, har suka fita.

Tun daga ranar Kili bai ƙara yarda a zo masa ta hagu ba. To, soja kuwa ta hagu aka koya masa sa ƙafa a likkafa, ko cikin barci ka tashe shi can zai nufa. Sababbin sojoji sun sha shuri har suka haƙura. Saje kaɗai ke hawansa. Ranar fareti kowa ya bi hagu, shi ya zagaya dama abinsa, manya su yi kamar ba su gani ba.

Saje, kai ne na Kili, mai komawa inda ake gudu. Ba ka taɓa ɗaga murya don a san ka ba.

Bana ritayarsa ta zo, kuma da ita maganar Kili ta taso. Doki ya tsufa, ido ɗaya, babu mai hawa, sai aka ce a kai shi gwanjo. Kowa ya san inda tsohon doki ke ƙarewa in ya fita ta wannan ƙofa. Saje ya je gida ya tambayi lambar tasa, uwargida ta lalubo ta a gwangwanin maɓallai. Ya maƙala a ƙirji, ya nufi ofishin kwamanda.

"Saje, doka ce," in ji kwamanda. "Doki kayan gwamnati ne."

"Yallaɓai, ni ma kayan gwamnati ne. Ga shi za a sallame ni in tafi gida, ba a ce a kai ni gwanjo ba."

Kwamanda ya yi dariya, amma bai ce ya yarda ba. Sai Saje ya ɓalle lambar ya ajiye a kan tebur.

"Ranar da aka ba ni wannan, mu biyu muka shiga ruwan, yallaɓai. Ni na fito da idona biyu."

Can kwamanda ya turo masa lambar.

"Ɗauki abarka ka mayar. Kana da wurin ɗaure shi?"

"Akwai inda uwargida ke shanya."

Haka ya fita daga bariki a ƙasa, yana jan Kili, Kofur ya buɗe musu ƙofa ya sara wa su biyun. Uwargida ta yi mitarta ta gaji, yanzu a kan katanga take shanya.

Sannu da aiki, Saje. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka, kai da abokin naka. Ku kuma 'yan baya, ku duba ku gani. Duk wanda ya tsufa yana muku hidima, mutum ne ko dabba, ku nemo masa wuri a tsakar gida ku kafa masa turke.