Ramin da Na Sani a Gangaren Conghua

Likita ne ya ɗora ni a kan keke. A shekarata ta shida a Guangzhou, ina sayen tufafi a kasuwannin Shahe da Baima ina aika wa 'yan kasuwar Kano, sai jiri ya fara ɗibata a kan matakala. Ya gwada ni ya ce jinina ya hau, in rage zama. Wani ɗan China mai shagon kekuna a layinmu ya sayar mini da keke mai faɗin taya, irin wanda ake hawa a hanyar burji, ya kuma ce duk Lahadi shi da abokansa sukan fita bayan gari, in ina so in biyo su.

Haka na shiga cikinsu. Da sassafe mukan loda kekuna a motarsa mu nufi arewa, wajen tsaunukan Conghua, inda kwalta ke ƙarewa a bakin gonakin 'ya'yan itace. Ni kaɗai ne baƙar fata, kuma kullum ni ne na ƙarshe, amma ban damu ba. Lawban suke kirana, wato maigida. In na iso saman tudu ina haki, su tafa mini, a miƙo mini shayi. Abokin tafiyata a baya wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, mai farin gashi. Ba ma jin yaren juna sosai. Yakan ɓare lemo ya ba ni rabi, mu ci mu ci gaba.

A shekara ta biyu da soma hawan keke na fara fita ni kaɗai ranar Alhamis in kasuwa ta yi sanyi. A haka na gano wata hanya da ba su sani ba. Takan ratsa dajin gora, inda inuwa ta rufe ko'ina, ta hau ta yi ta hawa har itatuwa su ƙare, mutum ya fito kan wani tudu da babu komai sai ciyawa da iska. Daga can sai gangare mai lanƙwasa bakwai har bakin wani rafi. Da na kai su, mai shagon ya daɗe yana girgiza hannuna. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Sai na yi abin da na daɗe ina jin haushin kaina a kansa: na gayyaci maƙwabcina.

Badamagare ne, mai haɗa wa mutane kaya a kwantena, ya haura shekara talatin da kaɗan, siriri kamar sanda. Tare muke sallar Juma'a, tare muke cin tuwo in an samu, kullum muna tsokanar juna irin ta Kanawa da Damagarawa. Na ara masa wani tsohon keke. Ya zo da takalmin roba, ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa.

Na ce, "Ɗan'uwa, in ka gaji ka sauka ka tura, babu kunya."

Ya ce, "To, Yaya."

A tudun farko ya wuce ni. A na biyu ya wuce rabin mutanen. Da ni da dattijon muka isa sama, muka tarar da shi zaune a kan dutse, an kewaye shi ana ɗaukar hoto, mai shagon yana lallatsa cinyarsa yana dariya.

Na ce, "Ashe ka iya ka yi shiru?"

Ya ce, "Wallahi Yaya, keken garinmu ne kawai. Da shi nake tahiya gona cikin rairayi."

Na yi dariya tare da kowa, amma shayin ranar bai yi mini daɗi ba.

Wata uku ba su cika ba ya zama na gaba. Ya iya yarensu fiye da ni, yana ba su labari suna ƙyaƙyatawa, ni ina gefe ina jiran a fassara mini. Wata Lahadi mai shagon ya fito da riga irin wadda su kaɗai ke sawa, shuɗiya mai ratsin fari, ya ba shi a gaban kowa. Shekara biyu ina binsu ba a taɓa yi mini tayinta ba. Da na tambaya cikin wasa, mai shagon ya dubi tumbina ya ce, "Meyo," wato babu daidai ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hanyar da na gano da ƙafata, na ɓata a cikinta sau biyu kafin in san kanta, sai na ji suna kiranta hanyar mutumin Nijar, don shi ke fara kaiwa samanta.

Shi kuwa bai canza mini fuska ba. Yakan jira ni a sama, ya karɓi gorata ya cika mini. Wannan kirkin nasa ma haushi yake ba ni. Da ya yi mini girman kai, da na samu abin riƙewa.

Bayan wani ruwa mai yawa da aka yi kwana uku ana tafkawa, na fita ranar Alhamis ni kaɗai. A lanƙwasa ta huɗu a gangaren, na tarar ruwa ya yanke hanya, ya bar rami mai zurfin gwiwa, a daidai inda ba a hango shi sai an zo kansa. Na sauka na ɗaga kekena na tsallake. A hanyar dawowa na ce a raina zan faɗa musu.

Lahadi ta zo. A mota ban faɗa ba. A gindin tudu ban faɗa ba. A sama, cikin iska, na ga Badamagare cikin shuɗiyar rigarsa yana gyara hular kwano, na buɗe baki, sai wani ya dafa kafaɗarsa suka yi dariya, na mayar da bakina na rufe. Ba karaya na so ya yi ba, Allah ya sani. So nake ya faɗi, rigar ta yi jar laka, ya taso yana ɗingishi, ni in iso a hankali in miƙa masa hannu.

Ya tafi kamar an harba shi. Abin da ban lissafa ba shi ne dattijon. A hawa ne yake baya, amma a gangare ya fi kowa gwaninta, ranar kuma ya bi bayan Badamagare kusa da kusa. Badamagare ya hango ramin, ya ɗaga keken ya tsallake. Dattijon bai gan shi ba.

Da na iso, yana kwance a gefe ya riƙe kafaɗa, fuskarsa ta yi fari fat. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Badamagare ya tuɓe shuɗiyar rigar ya ɗaure masa hannu da ita, ya goya shi har bakin rafi, inda wani manomi ya ɗauki dattijon a babur mai ƙafa uku. Ni na turo kekuna biyu a bayansu.

A bakin rafin, da muka rage mu biyu, ya ce, "Yaya, ba ka ce mini ka zo nan ranar Alhamis ba?"

Na ce, "Lokacin hanyar lafiya lau take."

Ya dube ni, ya dubi sama. Tun Laraba ba a ƙara ruwa ba. Ya tsuguna ya wanke hannunsa.

Kwana goma sha biyu na yi ina kauce masa. Ranar Juma'a ta biyu, bayan an idar da salla, na ja shi gefe na faɗa masa komai, har da abin da na so ya same shi.

Ya ce, "Na sani tun a can." Sannan ya ce, "Amma me na yi maka, Yaya? Kai ka kai ni."

Ya ce ba shi zan roƙa ba, in je wurin tsohon.

Na je gidansa da kwandon tuffa. Na rubuta maganar a waya, ta fassara masa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya rubuta mini cewa ya gode da na zo, kuma hannun yana sauƙi. Bai rubuta cewa ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Da ya warke bai koma hawan tsauni ba, 'yarsa ta hana.

Ni da Badamagare har yau muna fita. Tsokanar Kano da Damagaram ta ragu a tsakaninmu, mun fi yin maganar kaya da jirgin ruwa. Kuma in na ɗaga kai daga ƙasan tudu na hango shi can sama yana tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa, abin yakan taso mini a ƙirji kamar da. Sai in sunkuyar da kai in ci gaba da murzawa.