Gululun Gwaggo

Bayan na ajiye aikin karanta labarai a gidan rediyo na koma gida Gwarzo, na sayi wani ƙaramin injin juya ƙarfe a hannun wani mai gyaran agogo a Kano. Bai fi keken ɗinki girma ba. Ana ɗaure guntun tagulla a bakinsa ya riƙa juyawa da gudu, kai kuma ka tara masa kaifi, ƙarfen ya riƙa zubowa siri-siri. Injin yana da maɗaurin kaifi da ake murɗawa, amma miƙaƙƙen layi kaɗai ya iya. In kana son ƙugu ko wuya irin na tulu, sai ka cire shi, ka kafa matokari, ka riƙe kaifin da hannunka. Nawa kaifin daga tsofaffin magagarai na wasa su. Ba don sayarwa nake yi ba. Mariƙin murfin butar shayi ne, da kan sanda, da mariƙin durowa. Maƙwabta kan kawo abin da ya karye in yi musu, wani lokaci a aiko min da ƙwan zabi.

Wata ranar kasuwa taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, ya zo daga Gude a kan babur. Tun daga ƙofar shagon ya fara.

"Mai labarai, ashe da gaske ne ka koma maƙeri? Ka gama cika mana kunne, yanzu kuma butocin mutane za ka lalata."

"Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa ba," na ce. "Yaya Gwaggo?"

Sai ya daina dariya. Ya ciro ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance a kan teburina. Fasassun guntayen yumɓu ne.

Gwaggo, mahaifiyarsa, makaɗiyar zare ce tun ƙuruciyarta. Mazarinta ɗan siririn itace ne, a gindinsa akwai gululu, wato dunƙulen yumɓun da ke ba shi nauyi ya juya. Duk ɗan fari da aka haifa a danginmu, da majanyin da ta kaɗa zarensa aka goya shi, har da ni. A lokacin jikarta na da cikin fari, ita kuma ta yi nisa da zaren, sai gululun ya faɗi a dandamalin siminti ya fashe. Shi ne na ƙarshe da ya rage mata. An duba kasuwar Kabo da ta Gwarzo babu. Wata mai ginin tukwane ta gwada, nata ya fito a karkace, mazarin yana rawa kamar zai tashi.

"Tun daga nan ta rufe taskirarta," in ji shi. "Ba ta fitowa tsakar gida. Abincin ma sai an yi da gaske. Ta ce tunda kayan aikin sun riga ta tafiya, ita me take jira?"

Na haɗa guntayen da gam, na auna faɗi da tsawo da ramin tsakiya, na fitar da irinsa sak a tagulla, na goge shi har yana ɗaukar ido. Na kai mata da kaina. A kwance na same ta. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan na miƙa mata. Ta tashi zaune da ƙyar, ta zura shi a mazari, ta shafa alli a yatsu, ta murza. Zaren ya tsinke nan take. Ta ƙulla ta sake, ya sake tsinkewa.

"Ɗan nan, igiyar guga kake so in kaɗa?"

Dalilin a fili yake. Tagulla ta fi yumɓu nauyi nesa ba kusa ba, ni kuma girma na kwaikwaya. Na koma na ɗora guntayen a ma'auni, na rage na farkon ya koma ɗan ƙarami mai nauyinsu daidai. Wannan bai tsinka zare ba, amma da ta murza sai ya ɗan juya ya tsaya.

"Ba shi da numfashi," ta ce. Ta miƙo min, ta koma ta kwanta ta juya fuska ga bango. "Ka bar wahalar da kanka. Allah ya yi albarka."

A hanyar komawa na gane inda matsalar take. Abin da ke sa gululu ya daɗe yana juyawa shi ne nauyinsa ya kasance a gefe, nesa da itacen. Ke nan sai an yi shi da faɗin na yumɓun, a rarake cikinsa kamar ƙoƙo, a bar kauri a baki. Amma iyakar rarakewar babu ma'aunin da zai faɗa min, sai yatsun mai kaɗin. Tagulla mai wannan kaurin kuwa guda ce ta rage min, daga jikin wani tsohon kan famfo.

Don haka na ɗauki injin da batirin sola na kai su Gude a bayan a-kori-kura. Da hantsi muka kafa shi a kan benci a ƙofar ɗakinta. Taubashina ya tsaya yana cewa matan gida su matsa, gidan rediyo ya zo. Da injin ya fara ƙara, sai labulen ɗakin ya motsa. Gwaggo ta fito dafe da bango, ta zauna a tabarma, ta ce a miƙo mata taskira.

Rarake ciki da hannu shi ne aikin da ya fi ban tsoro. Kaifin yana shiga inda ido ba ya gani sosai, in ka ɗaga shi kaɗan fiye da kima sai ya kafe, ya fizge hannunka, ya yaga bangon. Na manne gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. In na ɗan ci, sai in tsayar da injin, in zare gululun daga sandar da na kafa shi, in bari ya huce, in miƙa mata. Ta murza, ta karkata kai tana saurare.

"Rage."

Na rage. Ta sake cewa in rage. Bangon ya yi sirantar da nake jin sautinsa ya sauya a ƙarƙashin kaifin.

"Gwaggo, in na ƙara zai iya hujewa, kuma ba ni da wata tagullar."

"To shafa shi kawai. Kada ka yanka, shafa."

Na kwantar da kaifin na bi cikin sau ɗaya, abin da ya zubo bai fi ƙura ba. Ta murza. Mazarin ya tsaya cak a kan 'yar fatar da take kafa shi, yana juyawa kamar ba ya motsi. Hannunta na hagu ya yi sama da audugar, zaren yana bin sa, bai tsinke ba. Ta naɗe, ta sake murzawa.

Can ta cire shi ta juya a tafin hannu. "Haka za ka bar min shi tsirara? Nawa yana da zane."

Na mayar da shi a injin, na ja masa siraran zobba a kafaɗa da tsinin kaifi, a inda ta nuna da farce. Taubashina ya ce yanzu ya yarda na iya wani abu ban da surutu. Gwaggo ta ce ya rufe mata baki ya sa a kawo fura, yunwa take ji.

Majanyin bai samu ranar suna ba, domin masaƙin da aka kai wa zaren a Mainika shi ma ya tsufa, ba ya sauri. Amma ya iso kafin wuyan jaririyar ya yi ƙwarin goyo. Da na je ganinta, Gwaggo na zaune a tsakar gida da sabuwar auduga a gabanta. Ta sa aka kwance majanyin, ta kama yatsana ta bi da shi a kan saƙar har inda zaren ya ɗan ƙara tsauri.

"Daga nan naka ya fara," ta ce. Sannan ta tambaye ni ko zan samo wata tagullar, domin tana son mai ɗan nauyi na kaɗa abawa, zaren nan mai kauri.