Hannun Hagun Lawal

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku, wannan ba gizo ba ƙoƙi. Yau shekara tara da rasuwar autana Lawal. Ni ban san biro ba, 'yarsa Binta ke rubuta abin da na faɗa.

Da kaka ne, a gonarmu ta Sandamu, lauje ya kufce ya sare shi a wuyan hannun dama. Aka ɗinke a asibitin Daura, fata ta haɗe, yatsu suka ƙi tashi. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke. Ko garwashi ya taɓa, sai dai ya ji ƙauri.

Sai ya koma ci da hagu. Mazan gidanmu kuwa a akushi ɗaya suke haɗuwa a zaure. Babban ɗana, wanda bakina ba ya kiran sunansa, ya riƙe masa hannu a gaban baƙi.

"Kai Lawal, hannun tsarki za ka tsoma mana a miya?"

"Yaya, shi kaɗai ya rage mini."

"To, a zuba maka naka daban."

Shekara uku yarona yana cin tuwo a ɗakina, fuska ga bango, har zazzaɓi ya ɗauke shi.

Yanzu Binta, da ke aikin jinya, ta ce likitoci na gwada wata dabara: su ɗebo ƙwayoyin halitta daga ɓargon mutum, su haɗa da sinadarin da ke sa jijiya tsiro, su dasa inda ta tsinke, ta riƙa miƙewa kamar yaɗon kabewa. Allah ya sa albarka. Da Lawal na nan, dariya zai yi ya ce a fara da shi.

Abin da ke ƙona mini rai, babban nawa ne ke yawo da labarin a wurin addu'a, yana girgiza kai, wai "da yanzu ne, da an gyara shi." Munafunci! Gyaran jijiya aikin likita ne. Matsa wa ƙaninka wuri a tabarma, wane likita ake jira?

Matar Lawal ta yi aure a Mashi. Binta na nan, ita ke ba marasa hannu abinci a baki. Babban nawa kullum da safe yana durƙusawa a ƙofata. Ina amsa gaisuwarsa. Tuwon gidansa dai, shekara tara, yadda aka kawo haka ake mayarwa.