Ƙasar da Muka Saya wa Kyanwa

Ranar wata Asabar cikin Nuwamban 2003, da hantsi, Mama ta aike ni in ɗebo gero a ɗan ɗakin ajiya na kicin. Shekarata tara, shekararmu biyu da barin Maraɗi, muna haya a hawa na biyu na wani gidan bene bayan titin Wendover Avenue a Greensboro, a Amurka. Ina zura kwano cikin buhun sai wani abu mai ɗumi ya bi bayan hannuna, ya shige hannun rigar sanyina, ya ɓullo ta wuya, ya dira ƙasa. Wutsiyarsa kawai na gani. Ihun da na kurma ya sa Mama ta sheƙo da muciya a hannu, ta same ni a kan kujera, gero ya watse ko'ina. "Ke, ɓera ne fa, ba maciji ba," in ji ta. Ita a wurinta magana ta ƙare. Ni kuwa daga ranar ban ƙara sa takalmi ba sai na buga shi da bango, ko a aji aka taɓa mini wuya sai in zabura, yara su yi ta dariya.

Ba banza ɓeraye suka zaɓi gidanmu ba. Duk wanda zai zo daga gida sai Mama ta roƙe shi ya cika mata rabin akwati da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da kilishi, ta bi ƙarƙashin gado da bayan kaya ta cusa su. Da sanyi ya shigo, ɓerayen ɗan dajin da ke bayan ginin suka ji ƙamshi suka tare. Baba, wanda ke aikin ɗaukar kaya a wani babban sito, ya ɗana tarkuna da man gyaɗa. Su lashe man tas, su bar masa tarkonsa. Guba kuwa Mama ta rantse ba za ta shiga gidanta ba, don ƙanena Sani yana rarrafe, kome ya tsinta baki. Kai ƙara ofishin masu gidan ma Baba ya ƙi, yana tsoron su ga buhunanmu su ce mu muka jawo. Daga ƙarshe ya karɓo wata kyanwa mai ruwan toka wurin abokinsa a McLeansville, ya shigo da ita cikin kwali kamar kayan miya, ya raɗa mata suna Maigadi. Sai dai takardar hayarmu ta hana ajiye dabba, wanda aka kama kuma ana iya korarsa. Mun taɓa ganin katifun wasu mutane zube a bakin titi, ruwa yana dukansu. Baba ya kama kunnena ya ce, "Ko a lakwal, cikin 'yan ajinku, kada bakinki ya furta kyanwa."

A Maraɗi kyanwa fita take yi ta tona rairayi ta rufe abinta, ba mai sanin inda ta je. Nan kuwa ba halin ta leƙa ko taga. Baba ya ɗauki bokiti ya ɗebo jar ƙasar bayan gida ya zuba mata a faranti a banɗaki. Kwana biyu kafet ya cika da jan sawu, wari kuma ya hana mu sakat, Mama ta ce ita ba za ta shimfiɗa darduma a gida irin wannan ba. Dole muka tafi babban kanti. Baba ya tsaya gaban jerin buhuna ya riƙe baki. "Ikon Allah! Ƙasar da kyanwa za ta yi kashi ma sayar da ita ake yi?" Akwai ta garin katako mai kama da abincin kaji, akwai fara mai ƙyalli kamar gishiri, akwai ta tsofaffin takardu, akwai kuma ta yumɓu wadda ke dunƙulewa da zarar ruwa ya taɓa ta. Da yake ni ce mai karatun Turanci a gidan, aka bar mini zaɓi, ina ta hura hanci. Na ɗauki ta yumɓun, don tana ƙamshin sabulu. A bayan buhun an rubuta ɓaro-ɓaro kada a zuba ta a masai. Na karanta, na gane sarai.

Maigadi ta yi aikinta. Cikin mako guda motsi ya ɗauke a kicin, har na koma ɗebo gero ba tare da na fara dukan buhu ba. Aikina shi ne kowace safiya, kafin motar lakwal ta zo, in kwashe dunƙulen a baƙar leda, in ƙulle, in kai ƙaton akwatin shara na ƙarfe da ke can ƙarshen filin ajiye motoci, kusa da inda muke zana gidan 'yar gala-gala da alli. Ashe nan ɓerayen da muka kora suka koma. Rana ta uku ina ɗaga murfin sai ga guda biyu a kan baki, dab da yatsuna, suna kallona. Na yar da ledar na ruga. Washegari na kulle banɗaki na daɗe tsaye da cokalin kwasa a hannu. Sai na juye a masai, na danna ruwa. Ya tafi. Na ƙulle ledar da ba kome a ciki, na fita na laɓe a kan matakala kusa da na'urar ɗumama gini, na ɗan jima, na cusa ledar a aljihu na dawo. Haka na yi har kusan mako uku. Ruwan ya fara tafiya a hankali, yana wani gurnani, ni kuma kullum sai in tsaya a kansa ina addu'a cikina yana murɗawa.

Wata Laraba ruwan ya ƙi sauka. Ya taso, ya tumbatsa, ya malale ƙasa, ya ɗiga wa matar da ke ƙasanmu, ita kuma ta kira ofis. Baba yana wurin aiki. Mama ta sa Maigadi a kwandon wanki ta rufe da zane, ta tura farantin ƙarƙashin gado, ta kunna turaren wuta. Mai gyaran ya zo, wani dogon Bature da makullai a ƙugu. Ya zura doguwar waya yana murɗawa, ina tsaye bakin ƙofa don ni ce tafinta. Wayar ta fito da wani abu mai danƙo kamar jiƙaƙƙen siminti. Ya murza shi da yatsu, ya shinshina, ya dube ni ya tambaya ko muna da kyanwa. "Me ya ce?" in ji Mama. Ban kai ga fassara mata ba. Daga cikin ɗaki Maigadi ta amsa masa da kanta. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce dole ya rubuta, kuma nan da kwana uku ko kyanwa ta fita ko mu fita tare da ita.

Baba ya dawo da la'asar ya sa na karanta masa takardar da mutumin ya bari, yana tsaye da takalminsa na aiki. Ya tambaya wa ya zuba ƙasar a masai. Mama ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ni ce, Malam. A nan nake ɗauraye farantin." Ya faɗa mata maganganun da bai taɓa faɗa mata a gabanmu ba, ya ce saura kaɗan ta jefa 'ya'yansa a titi cikin sanyi. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da goge ƙasa. Washegari aka mayar da Maigadi cikin kwalinta. Ba a kore mu ba, amma ɓeraye suka dawo, kuma har ƙarshen sanyin nan in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gidan ya yi tsit. Ni kuwa na daina haɗa ido da Mama, na fi tsoron idonta fiye da ɓerayen.

Yanzu ina da gidana a Pleasant Garden, da fili har bayan bishiyoyi, ba mai hana ni ajiye abin da na so. Baba ya rasu, Mama ta koma Maraɗi, sai muryarta a waya, ni kuma ina kewar gidan nan mai ƙunci da warin daddawa. Bara na yi ta maza na gaya mata ni ce. Ta yi dariya har da tari. "Haba Dija, tun yaushe na sani. Yarinya ta je zubar da shara cikin wannan sanyi ta dawo hannunta da ɗumi?" Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Tsoron da ke kanki ya ishe ki."

Shekara ashirin na yi ina ɓoye mata abin da ita ce ta ɓoye mini shi.