Gafarar da Ya Kaka Ta Hana

A unguwar Soron Ɗinki ba wanda ya taɓa gane aikin Dakta Hasana sosai. Likita ce, amma ba ta yin allura. Mahaifiyarta, Ya Kaka, takan ce wa baƙi, "Gwamnati ce ke biyanta ta yi hira da 'yan daba." Tsohuwar ba ta kauce sosai ba. Halayyar ɗan Adam Hasana ta karanta. Kotu kan haɗa ta da samarin da suka sari wani, ta zauna da su a gidan gyaran hali, sannan ta gaya wa alƙali abin da ke cikin kansu. A kan wannan aiki furfura ta same ta.

Mai zage-zage da dukan ƙofa bai taɓa tayar mata da hankali ba. Wanda take tsoro shi ne wanda ya yi laushi farat ɗaya. Kusan duk yaron da ta saurara ya faɗa mata abu guda: ranar da zai fita faɗan da ba ya sa ran dawowa, sai ya kyautar da abin da ya fi so, ya je ya nemi gafarar tsohuwarsa. Sun yi imani maganin ƙarfe ba ya aiki idan uwa na riƙe da mutum a zuci.

Wata Asabar bayan la'asar ta leƙo gida, ta ji zauren ya yi mata wani irin shiru. Sai da ta ɗaga kai ta gane: babu kukan tantabarun Nazeer, ɗan yayanta marigayi, wanda Ya Kaka ta raina. Yaron da ko fukafukinsu ba ya bari a taɓa.

Ƙanwarta Jummai ta tarbe ta da fara'a. "Yaya, rubutun malam ya ci! Nazeer ya shiryu. Ya kyautar da tsuntsayen nan, ya yi aski. Gobe sai wainar sadaka."

Ga shi kuwa a tsakar gida, takalma a gefe, durƙushe gaban kakarsa. Shi da gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga gira.

"Ya Kaka, ki yafe mini duk abin da na yi miki."

Tsohuwa ta buɗe baki ke nan, hawaye na zuba, Hasana ta ce, "Kada ki yafe."

"Yaya, bokon ne ya motsa?" in ji Jummai.

Daga bayan katanga wani ya yi fito, siriri, dogo. Kare ya amsa. Wuyan Nazeer ya motsa, amma bai waiwaya ba.

Ya Kaka ta daɗe tana duban fuskar 'yarta. Sannan ta share ido da bakin mayafi.

"Ban yafe ba, angona. Zauna ka ci tuwo a gabana, gobe na duba."

"Gwaggo, don Allah ki sa baki," ya ce wa Hasana.

"Ai na sa."

Aka sake fito. Yaron ya dubi takalmansa, bai taɓa su ba. Can sai tafiyar ƙafafu da yawa ta bi lungu, ta nufi Ƙofar Dawanau, ba mai magana a cikinsu.

Gab da magariba tantabarun suka dawo da kansu, suka jeru kan katanga suna kallon tsakar gida. Washegari da hantsi aka wuce da makara ta ƙofar gidan, ɗauke da gawar abokin Nazeer, mai fiton jiya.

Har yau Nazeer na durƙusawa kowace safiya. Har yau Ya Kaka na ce masa gobe.