Ɗigon Jinin da Ya Mayar da Ni Zariya

Jos

Ana kiran assalatu muka fito daga gidanmu a Anguwan Rogo, ni da maigidana, Baban Hafsat. Sanyin Jos na ratsa mayafina. Shekarun baya an cire mini mafitsara saboda ciwon daji, aka yanko hanjina aka ɗinka mini wata a cikin ciki. Na warware, har na fara mantawa. Sai wata safiya na ga jini a fitsarina. Likitan da ya duba ni a Jos ya ce in koma Zariya wurin wanda ya yi aikin, kada in jinkirta.

Keke ya sauke mu a tasha. Baban Hafsat ya samar mini kujerar bakin ƙofa. Ko ruwa ban kurɓa ba.

Jengre zuwa Saminaka

Irin wannan mafitsara ba ta sanar da mutum ta cika, agogo ake bi. Muna wuce shingen sojoji a Jengre lokacina ya yi. Na taɓa Baban Hafsat.

"Direba, don Allah ɗan tsaya mana," in ji shi.

"Haba oga, yanzu fa muka taso! Sai Saminaka."

"Larura ce, ɗana," na ce.

Ya dube ni ta madubi, ya gangara gefen titi. Na shiga bayan wata gonar masara. Jinin ya fi na jiya. Da na dawo maigida ya tsare ni da ido, na ce babu komai. A Saminaka ya sayo mini masa mai zafi, na tura ɗaya da ƙyar don hankalinsa ya kwanta.

Zariya

Da azahar muka sauka gidan Saratu, ƙanwar maigidana. Washegari a asibiti aka zura mini siririyar kyamara, aka ɗebi ɗan nama don gwaji, aka ɗauki hoton ciki. Sai jira. Kwanakin nan tuwon Saratu bai yi mini ɗanɗano ba, ko wayar wani ta yi ƙara sai in zata daga asibiti ne.

Ranar sakamako likita ya jawo kujera kusa da ni.

"Hajiya, ciwon ya dawo. Ba a sabuwar mafitsarar yake ba, a bututun da fitsari ke fita ne, wanda muka bari a aikin farko. Hoto bai nuna ya bazu ba."

"Mene ne abin yi?" in ji Baban Hafsat.

"Za mu cire bututun. Daga nan fitsari zai riƙa fita ta gefen ciki, ya zuba a jakar da ake mannawa."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Salla fa?"

Wata nas ta kama hannuna ta kai ni wurin wata dattijuwa, Hajiya Binta, da ta zo a duba ta. Hajiyar ta ja labule, ta ɗaga hijabinta ta nuna mini tata jakar. Ba ta kai tafin hannu biyu ba.

"Ƙanwata, da ita nake salla, malamai sun ce larura ce. Da ita na aurar da autata, har rawa na taka. Kin ji wari a jikina?"

Ban ji ba. A kafaɗarta na yi kukan da na riƙe tun daga Jos. Da na fito na ce wa likita na amince, ya sa mana ranar aiki.

Gida

Muna kan hanyar dawowa, duwatsun Jos suka bayyana. Na ce, "Baban Hafsat, za ka iya zama da mai jaka?"

Ya juyo ransa a ɓace. "Kada ki sake yi mini wannan tambaya. Ki dai dawo mini da rai."

Da la'asar muka iso. 'Yarmu Hafsat na tsaye a ƙofa, ta kasa tambaya.

"Ciwon ya dawo," na ce mata, "amma an gan shi da wuri. Kawo mini ruwa, yau zan sha in ƙoshi."

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Saratu da Hajiya Binta da direban nan. Tsoron bai tafi ba. Ku sa ni a addu'a.